Motata ta yi obahitin a hanyar Zariya, bakanike ya ce a cire tamostat a yar

Abban Sadiq: Slm jama'a barkanmu da dare, don Allah masu sanin mota ina neman shawara. Jiya Asabar mun taso daga Kano za mu Zariya ɗaurin aure, ni da ƙanena a gaba iyali a baya, Corolla ce 2006, wajen ƙarfe ɗaya na rana kun dai san ranar Afrilu, AC a kunne saboda yara. Mun ɗan wuce Kwanar Ɗangora sai na ji wani wari kamar roba na ƙonewa, ina kallon geji sai na ga allura ta haye har tana neman taɓa ja, kuma wlh ban san tun yaushe take can ba don hira ta ɗauke mu. Na gangara gefe na kashe, ina ɗaga bonet tururi ya tashi. Kafin in buɗe baki ƙanen nawa ya naɗe hannu da hankici ya kama murfin lagireto, ɗan murɗawa kawai ya yi ruwan ya yo feshi ya same shi a bayan hannu, ya saki ya yi baya yana salati. Wasu masu sayar da rake suka taimaka mana da jakar fiya wata, ɗaya yana cewa a kwara wa injin a ka zai huce nan take, ni dai na ƙi. Mun zauna ƙarƙashin darbejiya kusan awa guda sannan muka zuba, leda tara ta sha, muka lallaɓa har Zariya, ɗaurin aure dai sai dabino muka tarar. Yau na kai wa bakanikenmu ko dubawa bai yi sosai ba ya ce tamostat ne, abin nan da ke buɗe wa ruwan inji hanya in ya yi zafi, a cire a yar, a haɗa fanka dairek ta dinga juyawa ba tsayawa, wai kayan ƙasar sanyi ne. In yarda ko kuwa?

Maman Ilham: Innalillahi, Allah ya ƙara kiyayewa. Ya hannun yaron? Ni wannan ya fi damuna da motar.

Abban Sadiq: Da sauƙi Hajiya, wurin ya ɗuri ruwa kamar girman ƙwai, an shafa masa makilin a can wajen masu raken.

Nas Mai Aikin Dare: Abban Sadiq don Allah a wanke makilin ɗin nan a hankali da ruwa mai tsabta, kuma gobe da safe ya je asibiti a duba tunda a hannu ne kuma ya ɗuri ruwa haka. Kar wanda ya fasa masa da allura. Jama'a ina roƙonku ku riƙe wannan, in ruwan zafi ya ƙona mutum abin da za a fara yi shi ne a yi ta zuba ruwa mai sanyi a wurin har minti 20, ruwan famfo ko fiya wata duk ɗaya ne, ba ƙanƙara ba. A cire zobe da agogo kafin hannu ya kumbura. Ban da makilin, ban da ɗanyen ƙwai, ban da manja, ban da baƙin mai, wlh mun sha wahalar kankare waɗannan abubuwan daga jikin mutane suna ihu. Jakar fiya watan nan da kuka samu rabinta a hannunsa ya kamata ta fara ƙarewa kafin mota ta sha.

Abban Sadiq: Gaskiya ne Anti, hankalinmu duk ya tafi kan mota. In sha Allah gobe zan kai shi da kaina.

Direban Sharon: Oga cire shi kawai ka huta. Shekarata 11 ina Kano Kaduna, duk motar da ta shigo hannuna ranar farko nake cire tamostat in sa a haɗa min fanka dairek, kuma ban taɓa kwana a hanya saboda obahitin ba. Turawa don ƙanƙararsu suka saka shi, mu nan da rana ke dafa ƙwai me za mu yi da shi.

Ɗan Kurna: Haka ne wlh, ko ni tawa a cire take.

Oga Ƙofar Ruwa: Direban Sharon abokina ne amma a nan ba na tare da shi. Ni bakanike ne, a garejin na tashi tun ina yaron wanke sufana, kuma ni ma da haka aka koya min, cire a yar. Daga baya na gane gyaran gangar Abzinawa muke yi wa mutane. Tamostat ƙofa ce kawai tsakanin inji da lagireto, in inji na sanyi tana rufe don ya yi saurin ɗumama, in ya kai zafin da ake so ta buɗe ruwa ya zagaya. Ka ɗauko na Corolla ka duba jikinsa za ka ga an buga 82, ma'ana wajen digiri 82 yake fara buɗewa. To a rana irin ta jiya a kan titi ai a buɗe yake warwar tun kafin ku bar Kura, sai fa in ya maƙale. In ya maƙale sabo ake sayowa a saka, ba wai a bar ramin haka ba. Abin da nake so ka gaya min Alhaji, a goslo take yin zafi ko sai kana gudu?

Abban Sadiq: Cikin gari ban taɓa ganin ta haye ba Oga, ko a goslon Kurna da AC. Jiya ne kawai kuma ina kan 110 haka.

Oga Ƙofar Ruwa: To ka ga fanka ba ta da laifi kenan. Ƙa'idar a sauƙaƙe ita ce, motar da ke zafi a goslo amma in an hau titi ta sauko, fanka za a bincika, fiyus ko rile ko motar fankar, wato ɗan injin da ke juya ta, ta mutu. Wadda kuma take lafiya cikin gari sai an ɗau hanya an taka ta haye, ruwa ne ya yi ƙasa ko lagireto ya toshe ko tamostat baya buɗewa duka ko wata famfo, wato famfon da ke zagaya da ruwan, ya cinye. Don in kana gudu iskar da ke shigowa ta gaba ta fi ta fanka nesa ba kusa ba. To wanda ya ce a haɗa maka fanka dairek ciwon kai kake ya ba ka maganin basir. Kuma leda tara da ta sha ai lita huɗu da rabi kenan, fiye da rabin ruwanta babu, dole a nemo ta ina ya bi, wani ya fita jiya da tafasa amma ina zargin tun kafin ku taso da saura.

Direban Sharon: Oga duk wannan karatu ne, mu abin da muka gani a hanya muke faɗa.

Oga Ƙofar Ruwa: To gaya min tsakani da Allah, lokacin sanyi da asuba in ka tashi lodi allurarka tana motsawa daga ƙasa kafin ka kai Kwanar Ɗangora? Kuma sau nawa ka canja motar fanka?

Direban Sharon: Hhhh fanka kam na canja ta fi a ƙirga, amma ai gara fanka da inji.

Malamin Fiziks: Bari in ɗan sa baki duk da ni alli na sani ba sufana ba. Injin mota an yi shi ne ya yi aiki da zafinsa, wajen digiri 90 haka, ba a sanyi ba. Motocin yanzu masu injekta akwai kwamfuta da ke karanta zafin ruwa, in ta ga inji da sanyi sai ta ƙara masa mai kamar yadda ake jan cok a tsohon babur da safe. In ka cire tamostat inji na daɗewa bai ɗumama ba, kwamfutar tana ta ƙarin mai, ga tsadar da fetur ya yi. Amma ni abin da ya fi tsaya min a labarin nan murfin nan ne da yaron ya taɓa, don mutane na ɗauka marfi ne kawai kamar na jarka. Akwai sifirin a cikinsa da ke danne ruwan, ku duba samansa za ku ga an rubuta 0.9 ko 1.1, ƙarfin matsin da yake riƙewa kenan. Ruwa a tukunya a buɗe digiri 100 yake tafasa, amma in an matse shi haka sai ya kai wajen 120 bai tafasa ba. To ka ga ruwan da ke cikin lagireton motar da ta yi obahitin ya riga ya wuce ma'aunin tafasa, murfin ne kawai ya hana shi, kana sassautawa gaba ɗayansa zai tafasa lokaci guda ya yo sama, kuma fuskarka ce a saman. Kamar kwalbar lemo ce da aka jijjiga, sai dai wannan mai sale fata ce. Hankici ba ya tare komai, jiƙewa ma zai yi ya manne.

Maman Ilham: Malam to mu mata da muke tuƙi mu kaɗai da yara me za mu yi in ta faru? Ni ko bonet ban iya buɗewa ba sai maigadi ya taya ni.

Kawu Tsohon Direba: 'Yata ba sai kin iya komai ba sai haƙuri. Na ja 504 na ja J5 na ja tirela har na ajiye, abin da zan gaya miki kenan. In kin ga allura ta fara wuce inda ta saba tsayawa, kashe AC nan take, ki sauke gilas, ki kunna hita ki ƙure ta da fankar ciki duka. Na san a zafin nan kamar hauka ne, amma hitar nan wani ɗan ƙaramin lagireto ne a cikin dashbod, tana janye zafi daga inji ta watso muku. Ki rage gudu ki fara neman wurin tsayawa. In kuwa ta taɓa ja, ko kin ga tururi, ko kin ji inji na ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, babu sauran lallashi, ki sauka daga kwalta sosai ki kashe. Ki kunna hazad, ki ajiye sikoshin, alamar nan mai kusurwa uku, can baya da nisa ba a gindin mota ba, yara su fito ta ɓangaren daji su matsa nesa da titi, don sau da yawa ba zafin injin ke kashe mutane ba motar da ke tahowa a baya ce. In tururi na fita kar ki taɓa bonet sai ya lafa. Daga nan ki duba agogo ki ba ta minti 30 ko fiye, ki yi waya, ki ba yara ruwa. In kina babbar hanya lambar 'yan Road Safety 122 ce.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri Kawu, na yi sikirinshot.

Kawu Tsohon Direba: Ban gama ba. Bayan ta huce ki sa tsumma ki matsa babban tiyon nan na sama da ya shiga lagireto, in kin ji shi tauri kamar tayar keke da iska to akwai sauran matsi, ki ƙara jira. In ya yi laushi kuma hannu na iya zama a kai, sai ki ninka tawul mai kauri ki rufe murfin, ki kau da fuska, ki murɗa kaɗan ki tsaya, in ya yi tsaki ki bar shi ya gama sannan ki cire. Kuma ki kula da gyalenki da hannunki wajen fanka, ta lantarki tana iya tashi da kanta ko mota a kashe.

Ɗan Kurna: Kawu amma ni an ce min kar a kashe mota in ta yi zafi, a bar ta tana silo a dinga zuba ruwa, wai in ka kashe inji zai kama.

Oga Ƙofar Ruwa: Rabin gaskiya ce. In allura ta ɗan haye ne kawai bayan hawan tudu da kaya, ruwa na nan fanka na juyawa, to barin ta a silo minti biyu uku yana saukar da ita don ruwan na zagayawa. Amma in ruwa ya zube ko fambel ya tsinke wata famfo baya juyawa, kowane minti da ka bari tana aiki top silinda, wato kan injin, kake gasawa. Kai da kake bakin hanya ba ka san wanne ne ba, to ka ba ta minti ɗaya kana kallon allura, in ba ta fara saukowa ba kashe. Zancen buɗe murfi tana aiki da zafinta kuwa akwai yaron garejinmu da har yau tabon na nan daga wuya zuwa ƙirji, ba labari aka ba ni ba ni na riƙe shi a adaidaita.

Basakkwace: Ni tambayata ga masu cewa a tsaya minti talatin, in wurin ba na tsayawa ba ne fa? Bara da munka taho da dare allura ta hau muna tsakiyar daji, wurin da ko fitsari ba ka tsayawa yi, yo wa zai zauna yana kallon agogo nan? Ni dai takawa na yi har munka iske shingen sojoji, gasket, shimfiɗar nan da ke ƙarƙashin kan inji, ta ƙone amma mun kwana gida.

Kawu Tsohon Direba: Ɗana ba wanda zai ga laifinka, rai ya fi inji, ko ni ne haka zan yi. Sai dai akwai dabara tsakanin tsayawa da ƙona mota. Hita a ƙure, giya babba, ƙafa sama sama, kar ka matsa mata, in ka samu gangara ka ɗaga ƙafa daga totur amma kar ka kashe makulli tana tafiya don birki da sitiyari za su yi tauri. In ta kai ja ka samu ɗan wuri mai mutane ko fili ka kashe minti biyar goma ka sake ja, da haka da haka har ka kai gari. Kuma wani abu da ke ruɗin mutane, in kana cikin haka ka ga allura ta faɗo ƙasa da kanta ko hita ta koma busa iska mai sanyi kar ka yi murna, ruwan ne ya ƙare ƙaf.

Basakkwace: Wallahi Kawu haka ta yi min, allura ta sauko na ce Alhamdulillahi ashe lokacin ne take cin kanta.

Ɗan Maraɗi: Sannunku 'yan uwa, mu nan juwan kulas muke ce ma gasket ɗin, kuma masu zuwa Agadas ba mai tashi ba bidon biyu na ruwa a bayan mota. Tambayata kan kwara ruwa a kan inji, mu nan ana yi sosai a tasha.

Malamin Fiziks: Ka taɓa zuba ruwan sanyi a kofin gilas da aka gama shan shayi? Kan injin yawancin motocin yanzu alminiyom ne, in ya yi zafi ya buɗe ka watsa masa sanyi waje ya tsuke ciki bai tsuke ba, sai ya lanƙwashe ko ya tsage, ga wayoyi da koyil da za su sha ruwa. In dole sai ka yi wani abu to yayyafa a gaban lagireto ta waje, wannan da sauƙi. Cikin ma in za a zuba bayan ya huce a hankali ake tsiyayawa ba a juye jarka lokaci ɗaya ba.

Hajiyar Golf: Ni tawa babu murfi a kan lagireto sam, wata robar ƙwallo ce a gefe ake zuba ruwan, to ita ba matsala in buɗe ko?

Oga Ƙofar Ruwa: A'a Hajiya, wannan ce ma mai cin mutane don ana ganin roba ce. A Golf da Sharon da 406 matsin yana cikin robar nan ne, murfinta shi ne murfin lagireto, dokar ɗaya ce. Amfaninta kawai kina iya ganin ruwan ta jiki ba sai kin buɗe ba, da safe kafin ki tayar ki leƙa ya kasance tsakanin layi biyun nan.

Ɗan Kurna: To maganar kulant fa, ruwan nan mai kala da ake sayarwa don lagireto, ni ruwan rijiyar burtsatse nake zubawa shekara da shekaru, wani lokacin in sa omo kaɗan ya wanke.

Oga Ƙofar Ruwa: Omo kuma? Kai Ɗan Kurna Allah ya shirye ka. Ka duba cikin butar da ake dafa ruwan burtsatse kullum ka ga farin abin da ke kamawa, shi ke kamawa a 'yan siraran hanyoyin lagireto, ga tsatsa, shi ya sa in mun buɗe muke ganin ruwa ja kamar kunun kanwa. Kulant ba don ƙanƙara kawai aka yi shi ba, yana hana tsatsa yana kuma ɗan ɗaga zafin tafasa. A hanya in ka maƙale zuba duk ruwa mai tsabta da ka samu, ba laifi, amma in ka dawo gida a zubar a sa na kirki. Masu fasa ƙwai ko zuba garin kwaki don toshe yoyo kuma, yana toshewa kam, har da inda ba a ce ya toshe ba.

Nas Mai Aikin Dare: Tunda an zo kan kulant, guba ne fa kuma zaƙi gare shi ga kala kamar lemo, yana lalata ƙoda. Kar a juye ragowar a robar lemo a ajiye a gida, kar a bar wanda ya zube a tsakar gida kaji da kyanwa da yara suna bi. In yaro ya sha asibiti kai tsaye ko bai nuna komai ba, ba a jira.

Abban Sadiq: Na gode ƙwarai jama'a. Oga to ya zan gane ko na riga na ƙona gasket? Abin da ke hana ni barci kenan.

Oga Ƙofar Ruwa: Gobe da safe tana sanyi zaro ma'aunin baƙin mai ka kuma duba ƙarƙashin murfin da ake zuba shi, in ka ga ya koma kamar shayi da madara to ruwa ya haɗu da mai. Sannan cika lagireto ka tayar a bar murfin a buɗe, tana sanyi fa na ce, in kumfa na ta tasowa ba ƙaƙƙautawa ko ruwan na tsalle to akwai magana. Ka leƙa salansa, farin hayaƙi mai kauri da baya ɗaukewa bayan ta ɗumama shi ma alama ce. In babu ko ɗaya ka yi sadaka. Tamostat ɗin kuma a ciro shi a gabanka a jefa a tafasasshen ruwa, in ya buɗe baki lafiyarsa lau a mayar.

Direban Sharon: In bai buɗe ba ka kawo min in haɗa da nawa guda shida da ke cikin but hhhh.

Abban Sadiq: Slm, na dawo da rahoto. An duba hannun yaron an wanke an naɗe, sun ce ya dawo jibi, kuma nas ɗin can ma sai da ta yi mana faɗan makilin. Mota kuma baƙin mai lafiya, ba kumfa ba hayaƙi. Na sa an ciro tamostat na tafi da shi gida, na ɗauko tukunyar shayi zan jefa uwargida ta ce wlh sai dai in sayo wata, ƙarshe a gwangwanin madara na dafa shi a kan risho, yana fara tafasa ya buɗe baki kamar ɗan tsuntsu. Da muka koma aka bi tiyo ɗaya bayan ɗaya sai ga na ƙasa ya tsage daidai bakin kilif, farin gishiri gishiri duk ya bushe a wurin alamar ya daɗe yana ɗiga, robar murfin ma ta farfashe. Lagireton da aka cire aka wanke abin da ya fito ba a magana, gabansa kuma duk ƙura da ciyayi da fukafukan fara. An sa sabon tiyo da murfi, an mayar da tamostat, bakaniken sai ƙunƙuni yake wai zan dawo.

Direban Sharon: Zaka dawo ɗin ne.

Oga Ƙofar Ruwa: Murfin da ka sayo duba lambar da ke kai ta zo ɗaya da ta tsohon? Kuma kwana ukun nan kullum da safe ka leƙa ruwan, in an wanke lagireto iska kan maƙale a ciki sai ta fita ruwan ya ɗan sauka, ka cika.

Abban Sadiq: Ban duba ba wlh, yaron shago ne ya miƙo min kawai. Bari in ɗau tocila in fita in gani.